Cinikin Shafin Albasa

Da na gama karatun kwamfuta a Yamai na dawo Konni, aikin kansa bai taɓa ba ni tsoro ba. Na san yadda ake gina shafin intanet tun daga tushe har ya hau, ya buɗe a wayar kowa. Abin da ba a koya mana ba shi ne amsar da za ka ba mutum idan ya gyara zama, ya dube ka ya ce, "To, nawa ne?" Mai gero yana da tiya, mai atamfa yana da yadi. Ni kayana ba a ɗaga su a ji nauyinsu.

A wani ɗaki mai ƙofa waje nake aiki, wanda maigidana, malamin lissafi a kwaleji, ya bar mini. Teburi ne da kwamfuta, sai batir da faifan hasken rana a kan rufi, don kuran ɗinmu, wato wutar lantarki, ba shi da alkawari. Ayyukana na farko su ne wata lakwal, wato makarantar boko, mai zaman kanta, da wani kantin magani, da wani masaukin baƙi a bakin gudron, babbar hanyarmu ta kwalta. A kansu na gane cewa ginin shafi shi ne ƙaramin aikin. Babban yana zuwa daga baya: mai lakwal zai kira a canza hoto, mai magani zai ce lambarsa ta sake, mai masauki zai manta da kuɗin hayar wurin da shafin yake zaune a intanet, wanda ake biya kowace shekara, sai abu ya mutu ya zo yana faɗa. Sai na zauna na haɗa duka: kwanakin da aiki yake ci, da kuɗin intanet, da zirga-zirga, da wannan jelar da take biyo baya. Na fitar da kuɗi na tsaya a kai.

Amma ba ni kaɗai ba ce a kasuwar. Akwai manyan buro, ofisoshin masu irin wannan aiki, a Yamai masu kiran kuɗin da zai sa mutum ya dafe ƙirji. Akwai kuma ƴan Sakkwato, nan bayan iyaka, waɗanda suke aiki da naira. Tun da naira ta yi sanyi, idan aka juya kuɗinsu zuwa sefa sai ka ga kamar kyauta suke yi. Mutumin Konni kuwa ƙafarsa ɗaya tana nan ɗaya tana can, ya san kuɗin komai a gefe biyu kafin ya buɗe baki.

Wata ranar kasuwa wani Alhaji ya yi sallama a ƙofarmu. Ɗan kasuwar albasa ne daga wajen Galmi, yana loda kamiyo, manyan motocin kaya, zuwa Abijan da Kumasi. Abokin babana ne tun suna samari, tare suka yi cirani. Maigidana ya shimfiɗa masa tabarma a inuwa, ya hura gawayin shayi, ni kuma na durƙusa na gaishe shi.

"Ɗiyata, an ce mini ke ka yin abin nan na cikin waya," in ji shi. "Wani mutumen Abijan da ka sayen albasa hannuna ya ce manyan kantuna ba su yarda da mutum sai sun gan shi ciki. Shi nike so."

Na yi masa tambayoyi. Su wa yake so su gani? Da wane harshe suke magana? Wa zai amsa musu idan sun rubuto? Yana da hotunan kayansa? Ya ce hoto babu, amsa kuwa Allah zai kawo mai yi. Na yi lissafi a zuci da jikka, wadda a wurinmu sefa dubu ce, sannan na ce, "Jikka ɗari uku, Alhaji."

Ya aje kofin shayi a hankali. "Mi kinka ce? Hoto nike so ki yi mini, ba kamiyo ba."

Na bayyana masa abin da ke ciki. Zan je Galmi da kaina in ɗauki hoton albasarsa da rumbunansa. Zan rubuta komai da Faransanci da Hausa. Shekara guda cur duk abin da ya taso a wuyana yake, har da saƙonnin masu saye.

"Na taya jikka sittin."

"Albarka, Alhaji."

Ya fashe da dariya, ya dubi maigidana. "Ka ji ɗiyar abokina! Ni aka ce ma albarka yau." Sai ya daina dariyar. Ya ce akwai wani a Sakkwato da ya yi wa wani ɗan'uwansa irin wannan, kuɗin bai kai jikka saba'in ba idan an juya.

Na ce na yarda akwai. Na ce idan kuɗin ne ya yi yawa, sai mu rage aikin: shafi mai fuska ɗaya, da sunansa da lambarsa da hotunan da zai aiko, ba tafiya, ba kulawa. Wannan zan yi masa a kan ɗari da ashirin. Ya kaɗa kai. Cikakken yake so, a kuɗin da ya taya. Ya shanye shayinsa, ya sa mini albarka, ya tafi.

Da daddare maigidana ya ce, "Da kin karɓa. Watan nan ba ki da wani aiki a hannu." Gaskiya ya faɗa. Na ce masa Alhaji ba mutum ɗaya ba ne. Duk abin da na karɓa a hannunsa, kafin sati ya zagayo duk ƴan albasa daga Malbaza har Tsarnawa sun ji shi, kuma shi ne zai zama kuɗina. Ya ce lissafin ya fita, amma dai tukunya ba ta san lissafi ba.

Bayan kwana biyu babana ya kira daga Dogarawa ya ce yana son ganina. Na san maganar. Na shiga motar haya da safe, na tarar da shi a ƙarƙashin rumfa yana ɗinke igiyar amalanken jaki. Muka gaisa, na tambayi gona, ya tambayi maigida. Sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Alhaji ya biyo nan. Bai kawo ƙara ba. Amma na ji kunya."

"Baba, ban yi mishi rashin kunya ba."

"Na sani. Amma mutumen nan, ranar da anka haihe ki shi ya kawo rago. Ki rage mishi."

Na dubi hannunsa a kan igiyar. Sannan na ce, "Baba, in kana so, ni yi mishi aikin duka kyauta, don kai. Ko dala ba ni amsa, kuma ba ni jin komi. Amma in ciniki za a yi, kuɗin ke nan. Ba ni iya ce mishi sittin ya isa alhali bai isa ba."

Ya ɗago kai. "Kyauta? Alhaji shi amshi kyauta hannun sa'ar ɗiyar cikinai? Ai gara ki mare shi." Ya yi dariya har ya saki igiyar. Bai ce na yi daidai ba, bai kuma sake cewa in rage ba. Da zan tafi ya sa aka ɗaura mini wake a buhu.

Alhaji ya ba ɗan Sakkwato aikin. Ba a yi sati biyu ba aka turo mini adireshin shafin a waya. Na buɗe ina neman aibu, ba zan ɓoye ba. Sai na tarar da aiki mai kyau. Yana buɗewa da sauri ko da rezo, wato sabis ɗin waya, ya yi rauni, rubutun a tsare, maɓallin kira yana aiki. Abu biyu kawai na gani: da Turancin Ingilishi aka rubuta shi, albasar da ke hoton kuma wata mai ruwan ƙasa ce ta ƙasar Turai, ba tamu mai ruwan hoda ba. Ban faɗa wa kowa ba, tunda ba a tambaye ni ba.

Wannan satin na ɗan yi sanyi. Idan mutum zai iya yin abu mai kyau haka a wannan kuɗin, to me nake sayarwa? Na sake zama na bi lissafina daga farko, ban ga inda na cuci kowa ba. Na bar shi yadda yake. A cikin watan wani likitan haƙori ya zo, na faɗa masa kuɗi, ya tafi bai dawo ba. Wata ƙungiyar manoman rani ta zo, suka yi jayayya kaɗan suka biya. Haka aka ci gaba, yau a samu gobe a rasa.

Albasa ta fara tsada, manyan motoci suka fara layi a hanya, sai wata rana da hantsi baƙuwar lamba ta Najeriya ta kira ni. Muryar magidanci ce, mai natsuwa. Ya ce shi ne wanda ya yi wa Alhaji shafi, a wurinsa ya karɓi lambata.

"Hajiya, taimako nike nema. Mutanen Abijan suna ta rubutowa da Faransanci, Alhaji yana turo mini, ni ko kalma ɗaya ba ni ji. Na gwada fassarar na'ura, wani ya tambayi kuɗin buhu har ƙofarsa, na'ura ta ce mini wani abu daban. Ina tsoron kar in jawo wa dattijo asara. Nawa za ki karɓa ki riƙa fassara mini?"

Kafin in amsa na yi masa tambayar da ta daɗe tana cina. Na ce, "Malam, don Allah yaya kake yi kuɗin nan yake fitar da kai?"

Bai ji haushi ba. Ya ce yana da gini ɗaya da ya yi tun tuni, ya gyara shi sosai. Duk wanda ya zo sai ya canza suna da launi da hoto. Ba ya zuwa ko'ina, ba ya rubuta wa kowa komai, abin da aka turo shi yake sawa. Ranar da ya miƙa aiki, ranar ciniki ya ƙare. A sati yakan yi uku ko huɗu. "Abin da na sayar wa Alhaji na ba shi. Wanda yake nema yanzu ba ya cikin cinikinmu, amma kunyarsa nike ji."

Sai na ji zuciyata ta sauka. Ashe shi ɗinkakkiyar riga yake ratayewa a kanti, ni kuwa awo nake yi. Dukanmu tela ne, kowa da mai zuwa wurinsa.

Na ce masa ba zan karɓi aikin daga hannunsa ba, don idan na yi haka daga ɗan abin da ya samu zai biya ni, kuma Alhaji ba zai taɓa sanin cewa wannan aiki ne mai kuɗinsa ba. Na ce ya faɗa wa Alhaji gaskiya, ni kuma zan je in same shi. Ya ce hakan ya fi masa sauƙi, har ya yi godiya.

Na je Galmi ranar Asabar, maigidana ya raka ni. Tun daga bakin hanya warin albasa yake tarbar mutum. Buhuna a jere sun fi tsayin mutum, kowanne an ɗinke masa baki da hular raga, ƴan dako suna hawa katako da su zuwa cikin kamiyo. A bayan fili akwai rudu, rumbunan kara da ake ajiye albasa a ciki ta sha iska har ta yi tsada. Alhaji yana zaune a kan benci da wayoyi biyu a gabansa. Da ya gan mu ya yi murmushin wanda ya san abin da ya kawo mu.

"Mai albarka ta iso," in ji shi.

Bayan gaisuwa ya miƙo mini waya ɗaya. Saƙonni ne jibge, wasu sun yi sati ba amsa. Na karanta masa su ɗaya bayan ɗaya da Hausa. Yawanci tambayar kuɗi ce. Ɗaya daga wata mata ce mai kai kaya otal-otal, tana tambaya ko albasar hoton ita ce yake sayarwa, don ita ta Galmi take nema. Alhaji ya karɓi wayar ya ƙura wa hoton ido, kamar ranar ya fara ganinsa.

"Wagga ba tawa ba ce."

"Ba taka ba ce, Alhaji. Bai da hoton taka, shi ya sa."

Ya ce to, a rushe wancan in gina masa sabo. Na ce a'a, shafin lafiyarsa lau, asara ce a rushe shi. Abin da ya rage shi ne hotuna na gaskiya, da Faransanci, da mai amsa saƙo. Hotuna da fassara kuɗinsu sau ɗaya ne. Amsa saƙo kuwa wata-wata ne, kuma ba sai duk shekara ba, watannin da yake lodi kawai. Lokacin da rudu ya zama wayam, ba ya biyan komai. Na faɗa masa kuɗin kowanne.

Ya lumshe ido yana motsa baki. Alhaji bai yi lakwal ba, amma a lissafin kuɗi ba a riga shi. Ya buɗe ido ya ce, "In an haɗa da na ɗan Sakkwato, bai kai ɗari ukunki ba. Ashe na ci riba da na ƙi ki."

"Ka ci, Alhaji."

Gaskiya ne, kuma ban ji zafin faɗar ta ba. Amma ɗan kasuwa ba ya barin ciniki haka nan. Ya ce in cire masa jikka biyar a kowane wata. Na ce albarka. Ya ce uku. Na ce albarka. Wasu dillalai biyu da ke gefe suka matso suna kallo, ɗaya ya ce, "Alhaji, yau ka gamu da gamonka." Na ga idan na tsaya haka ƙiƙam a gaban mutanensa, zai tashi da jin an kayar da shi, kuma ba abin da na zo yi ke nan ba. Sai na ce, "Ragi babu, Alhaji, amma akwai gyara. Ni zana maka tambarin da za a riƙa bugawa a buhunanka, da sunanka da lambarka. Duk inda buhu ya sauka, an san naka ne."

Ya dubi buhunan da ake lodawa, dukansu iri ɗaya, ba a bambanta nasa da na kowa. Ya ce, "Da launi?"

"Da launi."

"Na saya." Ya juya wajen dillalan. "Kun gani, sai da na amshi gyara."

Ranar na yini ina ɗaukar hoto. Na sa aka zazzage buhu ɗaya a kan tabarma a rana, na yanka guda biyu don a ga cikinta. Na ɗauki rudu, na ɗauki kamiyo, na ɗauki Alhaji da kansa bayan ya aika an kawo masa babbar riga. Ɗan Sakkwato ya ba ni mabuɗin shiga shafin ba tare da wata magana ba, na yi aikina a kan nasa.

Tun daga nan na raba kuɗina gida biyu, na gini daban, na kulawa daban, kuma da bakina nake faɗa wa mutum cewa idan ginin kawai yake so akwai mai yi masa da araha. Wasu na tura su Sakkwato. Shi ma idan ya samu wanda ke son Faransanci, ko wanda sai an je an ga kayansa, sai ya turo mini. Har yau ba mu taɓa ganin juna ba, sai murya. Bara na ƙara kuɗin kulawa saboda komai ya hau. Mai masaukin bakin gudron ya ce ba zai iya ba, muka rabu lafiya. Sauran suka yi ƙorafi suka zauna.

Kwanan baya wasu mata uku suka zo daga wani ƙauye a wajen Illela tamu ta nan Nijar. Cuku suke yi da nonon shanunsu, sun haɗa ƙungiya, wani ya ce musu sai da shafin intanet za su samu kasuwa. Shugabarsu, wata dattijuwa mai Hausa da ƴar gargadar Tamajak, harshen Buzaye, ta kwance bakin zanenta ta nuna mini abin da suka tara, ta ce idan bai isa ba za su ciko bayan kasuwa. Na tambaye su su wa ke sayen cukun. Suka ce matan ma'aikata a Tawa da Konni, da direbobi masu wucewa. Na tambaya ta yaya ake samun su. Suka ce ta waya.

Na ce mata, "Inna, ku mai da kuɗinku. Shafi bai yi muku komi yanzu. Masu sayenku duk suna cikin wayarku."

Ta dube ni da zargi, ta ce ko kuɗin ne ya yi kaɗan. Na ce a'a. Na ce abin da zai amfane su shi ne su iya ɗaukar hoton cukun da kyau, su tara masu sayensu wuri ɗaya a waya, su riƙa sanar da su ranar da sabo ya fito. Wannan aikin yini ɗaya ne, kuma kuɗin yini ɗaya zan karɓa, da kuɗin mota. Ta tambayi nawa, na faɗa. Ta taya ƙasa, muka ɗan ja, na tsaya, ta biya rabi a take.

Ranar Litinin ta sama na je. Muka zauna a gindin wata bishiyar bedi mu goma sha, wayoyi uku ne kawai masu ɗaukar hoto a cikinmu. Na nuna musu su daina ɗauka a cikin ɗaki, su fito inuwa mai haske, su ɗora cukun a kan sabon faifai. Dattijuwar ce ta fi kowa saurin kamawa. Kafin la'asar ta tura hoto wa wata mata a Tawa, matar ta amsa da murya tana cewa a ajiye mata guda ashirin. Aka sake kunna muryar har sau uku ana dariya. Da na tashi tafiya suka cika mini sauran kuɗina, suka raka ni bakin hanya, muka tsaya tare har mota ta zo.